Filin Tambaya da Amsa: Masu Koyon Tausa Sun Cika Mana Waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kamar haɗin baki, saƙonnin masu koyon tausa ne suka yi ta shigowa, wasu a gidan gyaran jiki suke koyo wasu a wajen 'yan ƙwallo wasu kuma gado suka yi, shi yasa na ce bari kawai in ware musu filin gaba ɗaya. Masu tambayar basir da gyambon ciki ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu. Kuma don Allah masu kirana Dakta ku rage, ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a asibiti, fisiyo dai da kuka sani.

Tambaya: Salam Malam ina yini ya aiki. Ni ɗaliba ce ina koyon tausa a wani gidan gyaran jiki nan Kaduna, kos ɗin wata shida ne, toh hannu dai Alhamdulillah ya fara faɗawa amma wlh takardun da aka bamu na cututtuka su ke neman korata, kalmomi ne dogaye kamar sunan aljanu, in na haddace yau gobe sun gudu. Don Allah meye amfanin wannan ga wadda aikinta shafa mai da danna jiki, ni fa ba nas zan zama ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sai da na yi dariya da sunan aljanun nan. Matsalar ki ɗaya ce, haɗiye kalmar kike a dunƙule shi yasa take tsaya miki a wuya. Kusan dukkansu daga Girkanci da Latin aka ƙera su kuma guntu-guntu ake haɗawa, akwai kai akwai wutsiya, kan yana gaya miki wajen da abin yake a jiki, wutsiyar tana gaya miki abin da ya sami wajen. Ki fara da wutsiya. Duk kalmar da kika ga ta ƙare da haruffan nan huɗu, i, t, i, s, waɗanda ake karantawa aitis, toh kumburi ake nufi. Atiro gaɓa ce, atiraitis kenan kumburin gaɓa, amosanin gaɓɓai da tsofaffinmu ke kuka da shi. Hefa hanta ce, hefataitis kumburin hanta. Dama fata ce, damataitis kumburin fata. Meninjaitis sanƙarau ne, kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Kinga wutsiya ɗaya ta buɗe miki ƙofa huɗu ba tare da wata hadda ba.

Aljiya ciwo ce, mayo tsoka, mayaljiya ciwon tsoka shikenan, wato abin da rabin kwastomominki ke zuwa da shi ne aka sa masa babbar riga. Ostiyo ƙashi, nuro jijiyar saƙo, nefro ƙoda, kadiyo zuciya. Emiya jini, ektomi an yanke an cire, hemi rabi, filijiya shanyewa, hemifilijiya kenan shanyewar ɓarin jiki. Sai wasu tagwaye masu rikita ɗalibai, haifa da haifo, ba haihuwa ake nufi ba, haifa abu ya yi yawa, haifo abu ya yi ƙasa, harafi ɗaya ne ko biyu tsakaninsu a takarda amma in awon jini ake magana ɗaya hawan jini ne ɗaya faɗuwar jini, ki riƙa buɗe ido a nan. Wutsiyar oma kuma ƙari ne ko tudu, sai dai kar ki ga oma ki ce kansa ce ki tada wa baiwar Allah hankali, lifoma curin kitse ne a ƙarƙashin fata mai laushi mai motsi, hematoma jini ne ya taru bayan an bugu, kasinoma da sakoma su ne ciwon daji. Shi kansa sunan darasin, fatoloji, fatos ciwo ne loji kuma ilmi, ilmin ciwo.

Yanzu maganar amfani. Wata kalma ce da mu Hausawa muka ɗora wa kaya ya fi ƙarfinta, ita ce jijiya. Mutum zai zo ya ce miki jijiya ce ta riƙe min, toh wace jijiyar? Akwai wadda ke kai jini daga zuciya, ita ce kike jin tana harbawa a wuyan hannu, akwai wadda ke mayar da jini zuciya, koren nan da ake gani a bayan hannun farar mace, akwai ta saƙo wadda in kin bugi gwiwar hannu kike jin kamar lantarki har ɗan ƙaramin yatsa, akwai agara da ta ɗaure tsoka da ƙashi, sannan akwai igiyar da ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, ita ake kira ligamen. Abu biyar suna ɗaya. In kina son ganin agara ido da ido, ranar da aka yanka kaza a gidanku ki ɗauki ƙafar ki nemi farin zaren nan a wajen yankan ki ja, zaki ga yatsun sun dunƙule, wasan da muka yi muna yara ne ba mu san darasi muke ba. Toh wata jijiyar in kin murza ta mutum ya ji daɗi ya yi barci, wata kuma in kin murza ta sai dai a kwashe shi ranga-ranga, ki karanta amsar da na ba wanda yayansa ya dawo daga Legas a ƙasa zaki gane. Haka kalmar sanyi, ciwon gwiwa sanyi, ciwon mara sanyi, fitsari da zafi sanyi. Waɗannan kalmomin da ke ba ki haushi su ne ke raba miki wannan kwamacalar. Kuma kalmar da ta fi kowace nauyi a takardun naki ita ce kontira-indikeshan, ma'ana dalilin da zai sa ki janye hannu, wani na wuri ɗaya ne kamar maruru, ki kewaye shi ki yi sauran jiki, wani na jiki gaba ɗaya ne kamar zazzaɓi, in awo ya kai 38 a ma'aunin zafi ranar ba tausa, ta tafi a duba ta ko maleriya ce.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni ina yi wa 'yan kulob ɗin unguwarmu tausa a Kano kuma ina koyo wajen wani koci, ya ce in yaro ya yi targaɗe kar in taɓa wajen sai an kwana biyu, amma kakana maɗori ne kuma nan take yake ja ya murza da man shanu ya ɗaure mutum ya warke. Wa zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa kana so ka haɗa ni faɗa da tsoho kenan, Allah ya ƙara masa lafiya. Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin idon sawun yaron nan lokacin da ya gurɗe. Igiyar ligamen ta miƙe fiye da ƙima ko ta ɗan yage, ƙananan hanyoyin jini sun fashe, jiki ya turo jini da ruwa da sojojinsa wajen don gyara, wannan shi ne kumburin da ake kira infilameshan. Wani marubucin Rum mai suna Selsus tun ƙarni na 1 miladiyya ya lissafa alamunsa huɗu, ja da zafi da kumbura da ciwo, daga baya aka ƙara na biyar, gaɓa ta ƙi aiki. Abin da littattafan turawa ba sa gaya maka shi ne a baƙar fata irin tamu jan nan ba ya fitowa sosai, sai dai wajen ya yi duhu ko ya riƙa sheƙi, don haka kar ka tsaya neman ja, sa bayan hannunka a ƙafar da ta bugu sannan ka sa a ɗaya ƙafar, bambancin zafin zai gaya maka.

A wannan halin na sabon rauni, wanda takarda ke kira akyut, in ka hau murza kana ƙara fasa abin da jiki ke ƙoƙarin toshewa ne, gobe ka ga ƙafa ta zama kamar tulu. Kocinka ya yi gaskiya, awa 48 zuwa 72 na farko a huta, a ɗaga ƙafar sama da matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, kuma a ajiye man zafi da ruwan zafi tukuna. Bayan nan sai a fara motsa gaɓar a hankali, tausa mai sauƙi daga sama da wajen. Wanda ya daɗe kuma, ciwon da ya wuce wata uku, shi ake kira kuronik, can ne hannunka ya fi amfani. Ka kuma raba targaɗen gaɓa da yagewar tsoka, irin wanda ɗan ƙwallo ke cikin gudu ya dafe bayan cinya ya zube, wannan tsoka ce ko agara, amma dokar kwana biyun farko ɗaya ce.

Game da kakanka, maɗora suna da hannu wlh, na ga aikin wasu na jinjina, sai dai ido ba ya ganin cikin nama. In yaro ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko ka danna kan ƙashin kansa ya yi ƙara, ko gaɓar ta karkace, ko an ji ƙas lokacin faɗuwa, a je a ɗauki hoto, kuna Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da ku. Abin da ya fi bani tsoro a ɗori shi ne ɗauri da karare tamau a kan hannun da ke kan kumbura, jini ya kasa wucewa, yaro yana kuka ana cewa raki ne, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshe garin neman gira a rasa ido, a yanke hannun da karayarsa ba ta kai ta kawo ba. In ka ga yatsu sun kumbura sun canza kala ko ba ya jin su, kwance ɗaurin nan take ko waye ya ɗaura.

Tambaya: Yallaɓai yayana ya dawo daga Legas a motar dare, tun da ya sauka sharaɓarsa ta hagu ke ciwo ta kumbura, ni kuma na ɗan iya tausa ina koyo a YouTube, wane mai ya fi dacewa in murza masa?

Amsa: Babu. Kar ka taɓa ƙafar nan, kuma wannan saƙon na amsa maka shi ta waya tun ranar da ya shigo, na sako shi nan ne saboda sauran jama'a.

Ƙafa ɗaya, ba biyu ba, ta kumbura a sharaɓa, da zafi da ciwo kamar an ɗaure, bayan doguwar tafiya a zaune, wannan sai an tabbatar ba gudan jini ba ne a jijiyar can ciki. A takardar asibiti zaka ga an rubuta DVT, turombosis kenan, jini ya daskare ya yi guda a cikin hanyar da ke mayar da shi zuciya. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, tun tsakiyar ƙarni na 19 ya yi bayanin yadda gudan ke ɓallewa daga ƙafa ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe hanyar huhu, wannan ɓallewar ita ake kira embolizim, kuma tana iya kisa cikin mintuna. Abu uku ke haɗa shi, jini ya kwanta ba motsi, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin ya zama mai saurin daskarewa. Shi yasa ake samunsa ga wanda ya yi zaman mota ko jirgi sama da awa huɗu, da wanda aka yi wa tiyata ko aka sa wa filastar karaya, da mai doguwar jinya a kwance, da mai ciki da mai jego har sati shida, da masu shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da masu ciwon daji. Ka ga babban yatsanka da kake shirin nutsawa cikin sharaɓar nan kana turawa sama, hanyar da gudan ke jira a tura shi kenan.

Shekarun baya wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya dawo daga irin wannan tafiyar, da magariba ya aiko yaro wai in zo in ɗan ja masa ƙafa tunda aikina ne. Na same shi a tabarma a ƙofar gida ya naɗe wando zuwa gwiwa, ga kwalbar man zafi an riga an buɗe, ƙaninsa har ya fara shafawa. Na aiki yaron ya karɓo min tef ɗin awo wajen telan layinmu, na auna sharaɓa biyun a wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa, ta hagu ta fi ta dama da santimita 4, mu kuma abin da ya haura 3 muna ɗaukarsa da gaske. Na ce Alhaji tashi mu tafi asibiti, ya ce haba Malam gajiyar mota ce fa ko tuwo ban ci ba. Da ƙyar da siɗin goshi muka sa shi a mota, aka yi sikanin aka ga gudan a bayan gwiwa, ya yi watanni yana shan maganin tsinka jini. Har yau in mun haɗu sai ya ce ga wanda ya hana ni cin tuwo. Amma fa kar wani ya auna ya ga bai kai 3 ba ya ce lafiya lau, tef ba ya wanke mutum, sikanin ne ke wankewa. In kuma numfashi ya fara sama-sama ko ƙirji ya riƙe ko ya yi tari da jini, ko takalmi kar a tsaya nema.

Tunda na ambaci maganin tsinka jini, mai shan wafarin da danginsa in ka danna shi da ƙarfi jini ke taruwa ƙarƙashin fata, hannu mai sauƙi kawai, ƙaho kuwa ko kusa.

Tambaya: Ina gaisuwa Malam, daga Maraɗi nake. Sana'ata gyaran amare da masu jego, yanzu ina ƙara karatun tausa amma da Faransanci ake koya mana. Ina yawan samun masu ciki da masu jego ƙafafunsu sun kumbura, in yi musu ko in bari?

Amsa: Hajiya sannu da aiki, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Faransancin kar ya dame ki, saiwar ɗaya ce, inda namu ke cewa aitis naku it suke cewa, atiraitis ɗinmu shi ne artirit ɗinku, abin da na gaya wa ta Kaduna ya shafe ki. Hasali ma sunayen salon tausar da duniya ke amfani da su, efluraj shafa mai tsawo, fetirisaj murza kamar kwaɓin fulawa, tafotman bubbugawa, naku ne mu muka ara.

Kumburin da kike gani sunansa edima, ruwa ne ya taru a nama, daban yake da na rauni don shi ba zafi ba ja. Ga yadda zaki gwada, ki danna babban yatsa a kan ƙwaurinta ki ƙirga biyar ki ɗaga, in ya bar rami kamar kin danna tuwon da ya huce toh ruwa ne. Ƙafa biyu su ɗan kumbura da yamma ga mai tsohon ciki su saɓe da safe, wannan an saba, ki kwantar da ita ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, kar ki bar ta rigingine ta daɗe don nauyin cikin yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini sai jiri ya ɗebe ta, ki shafa a hankali ba nutsa yatsa a sharaɓa. Amma in fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ga gani dishi-dishi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan hanyar jijjiga ce, yana farawa daga sati 20 na ciki kuma yana iya zuwa ko bayan an haihu. Ki sayi na'urar awon jini ta batir ki ajiye a shagon, 140 bisa 90 ko sama ga mai ciki asibiti ne ranar, ba gobe ba.

Masu jego kuma akwai maganar da iyayenmu mata ba sa son ji. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kunun kanwa da ake ɗura musu da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, kanwa gishiri ce tana tara ruwa a jiki zuciya ta kasa ɗauka. Mai jegon da ƙafafunta ke ƙara kumbura, tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, tana tari da dare, kar ki yarda kakar yaro ta ce miki rashin gasuwa ne a ƙara wuta a ƙara kanwa. Tausa ba ta fitar da wannan ruwan, in kin kore shi daga ƙafa ma zuciyar da ta gaji kika ƙara wa kaya.

Tambaya: Malam wani kwastoma yana da wasu zagaye-zagaye a baya suna ƙaiƙayi, ya ce ƙyasfi ne in ci gaba. (Wani ɗalibi daga Jos)

Amsa: Zagaye mai tudu a baki tsakiya fes yana ƙaiƙayi ya fi kama da makero, kuma yana yaɗuwa ta hannu da tawul. Kar ka taɓa wajen, tawul ɗin a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. In ƙaiƙayin dare ne da ƙuraje tsakanin yatsu da wuyan hannu, ƙazuwa ce, sallame shi gaba ɗaya sai ya yi magani shi da mutanen gidansa. Ƙuraje masu ruwa da suka jeru a ɓari ɗaya kamar ɗamara suna zugi kamar wuta, ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka, shima hannu baya. Kaluluwa a hammata ko matsematsi ba a murza ta.

Tambaya: Assalamu alaikum, wata Hajiya da nake zuwa yi wa tausa gida ta nuna min takardar hoton bayanta an rubuta L4 L5 da wasu abubuwa, ta ce in faɗa mata ko faifan bayanta ne ya goce kuma in mayar mata. Na ji kunya in ce ban sani ba. (Daga Zariya)

Amsa: Ƙanwata da kin ce ban sani ba da ba abin da ya ragu a jikinki. Ga karatun, ƙashin baya jere yake kamar carbi, 7 a wuya ana musu lamba da C, 12 a wajen haƙarƙari ana musu T, 5 a kwankwaso ana musu L, sai na ƙasa da suka manne. L4 L5 adireshi ne kawai, tsakanin na huɗu da na biyar a kwankwaso, daidai inda ɗaurin zani ke zama, kuma nan da wanda ke ƙasansa ne suka fi ɗaukar nauyi shi yasa suka fi lalacewa. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai faifai mai tauri a baki da laushi a tsakiya, ba gocewa yake ba kamar murfin tukunya da za a ce a tura shi ya koma, bultsowa yake, in ya taɓa jijiyar saƙo sai ciwo ya bi ɗuwawu ya gangara bayan cinya har ƙafa, shi ne sayatika, daga sunan jijiyar aka samo shi, wadda ta fi kowace jijiyar saƙo girma a jiki. Babu hannun da ke mayar da faifai, duk wanda ya ce miki yana mayarwa kuɗin Hajiya yake so. Kuma mutane da yawa in an yi musu hoton za a ga bultsowar alhali ba abin da ke musu ciwo, don haka takardar kaɗai ba ta yanke hukunci. Abin da zaki iya shi ne sassauta tsokokin da suka ɗaure a gefe da gefe, ba hawa kan ƙashin ba, ba taka baya da ƙafa ba irin wanda ake sa jikoki su yi.

Faɗin sunan cuta kuwa ba hurumin mai tausa ba ne, ko da kin gane, ki ce Hajiya a koma wa likitan da ya rubuta. Kafin ki sa hannu ki tambaye ta, fitsari ko bayan gida na kufce mata? Wajen zama ya mutu ba ta jin tsarki? Ƙafafu na rage ƙarfi? Ɗaya daga cikin waɗannan gaggawa ce ta ranar. Ciwon baya da rama da zufar dare da zazzaɓi kuma a nan ƙasar sai an duba tibi, don tana cin ƙashin baya ba huhu kaɗai ba. Tsohuwa da ta rage tsawo ta ranƙwafa, ƙashinta ya zama kamar soso, ostiyoforosis kenan, dannawa da ƙarfi na iya karya mata haƙarƙari. Af, da murɗa wuyan nan da wasu masu aski ke yi har ya ce ƙaras, ni ko kyauta ba na so, akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Malam mahaifina yana da suga kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu kenan, ƙanwata kuma sikila ce, saboda su na shiga koyon tausa. Me zan kiyaye? (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: Allah ya yi maka albarka ya ba su lafiya. Baba dai kar ka taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ja ɗaya ƙashin ya sauko daga gurbinsa ya bar shi da ciwon da ya fi shanyewar damunsa, ka tallafe ta gwiwar hannu ka ɗora hannun a matashi in yana zaune. Suga kuma tana kashe jijiyoyin saƙo na ƙafa, nurofati kenan, zaka danna da ƙarfi ko ka sa ruwan da ya yi zafi ya ce maka bai ji komai ba, sai da safe ka ga bororo, bororon ya zama gyambo. Gwada ruwa da gwiwar hannunka tukuna, kuma kullum kafin ka shafa mai ka duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu da fitila. In yana allurar insulin kar ka murza wajen da aka yi ta yanzu, maganin zai shiga jini da sauri suga ta faɗi, in ka ga yana zufa yana karkarwa yana magana ba kan gado kuma yana iya haɗiya, ba shi lemon kwalba ko suga a ruwa sannan a auna, ƙasa da 70 a na'urar da ke awo da mg/dL faɗuwa ce. Ranar da baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe sabo, mota zaka nema.

Ƙanwarka kuma, ita ƙanƙarar da na ba ɗan ƙwallon Kano shawara ba tata ba ce sam, sanyi na tsuke hanyar jini ya tayar mata da ciwon. Tsumma mai ɗumi, ruwan sha da yawa, shafa mai sauƙi da man kaɗanya in ta ce tana so, in ta ce bari ka bari. Zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko haki asibiti kai tsaye. In kuma ta fara ɗingishi tana kuka da matsematsi ko kwatangwalo ko ba ta cikin ciwon, a yi hoton ƙugun, sikila na hana jini isa kan ƙashin cinya ya fara mutuwa a hankali, kuma gara a gani tun kan ƙashin bai lotsa ba.